Tambayoyi da Amsoshi a kan Nazarin Hoto da Jigo a Ƙagaggen Labari

Waɗannan tambayoyi su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban adabi idan aka ba su ƙagaggen labari aka ce su fito da jigonsa, su kuma yi bayanin hotunan da marubuci ya yi amfani da su. An haɗa batutuwan biyu wuri guda ne saboda a wajen aiki ba sa rabuwa, domin jigo da'awa ce da mai nazari yake yi a kan littafi, hotuna kuwa suna cikin manyan shaidun da zai kafa hujja da su.

Mene ne ake nufi da hoto cikin bayani?

Hoto cikin bayani shi ne duk wata magana da marubuci ya sarrafa har ta sa mai karatu ya ji kamar yana gani, ko yana saurare, ko yana shaƙa, ko yana ɗanɗanawa, ko yana taɓa abin da ake ba shi labari. Kalmar hoto takan sa ɗalibai su zaci abin ya tsaya ga ido kaɗai, alhali ƙarar ƙyauren da ba a saka wa mai ba, da warin ɗakin da ya daɗe a rufe, da sanyin ƙarfe a tafin hannu, duk hotuna ne.

Hoto iri biyu ne a taƙaice. Akwai wanda yake bayanin abin da ke nan a cikin duniyar labarin, kamar a ce ruwa yana ɗiga daga rufin ɗaki cikin wani tsohon kwano. Akwai kuma wanda ake ginawa da adon harshe, inda ake ɗauko wani abu daga waje a jingina shi da abin da ake magana a kai, ta hanyar kamantawa, ko siffantawa, ko jinsintarwa da rassanta, wato mutuntarwa da dabbantarwa da abuntarwa. Masana balagar Larabci sun daɗe da rarrabe sassan kamance, suka ce akwai abin da aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da fuskar kamancen, kuma Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a 1078, ya yi dogon bayani a kan haka. Masanin adabi ɗan Ingila I. A. Richards ma ya yi irin wannan rabon a 1936. Abin da ɗalibi zai riƙe daga duk wannan shi ne tambaya guda, wato mene ne ya haɗa abubuwan biyu har marubuci ya ga dacewar jera su, domin a nan ma'anar take.

Mene ne bambancin jigo da batun da labari ya ƙunsa?

Batu shi ne fagen da labari yake yawo a ciki, kuma kalma ɗaya takan isa a faɗe shi: soyayya, ko yaƙi, ko bauta, ko ramuwar gayya. Jigo kuwa shi ne abin da labarin yake cewa game da wannan batu, saboda haka ba ya faɗuwa sai da cikakkiyar jimla. Ɗalibin da ya rubuta cewa jigon littafi shi ne ramuwar gayya bai yi kuskure ba, amma bai gama magana ba, tun da littattafai ɗari suna iya ɗaukar wannan batu kowanne ya faɗi abu daban. Wani zai nuna cewa ramuwa tana cinye mai yin ta kafin ta cinye wanda aka nufa, wani kuma zai nuna cewa ita kaɗai ta rage wa mutumin da shari'a ta juya wa baya.

Wannan ne ya sa a nazarin adabin Hausa ake matakala, a fara da furucin jigo, wato wurin da littafin ya furta manufarsa da kansa idan akwai, sannan jigo a gajarce, sannan warwarar jigo, wato bin littafin dalla-dalla a nuna yadda ya gina jigon. Matakin ƙarshe shi ne inda aikin gaske yake, kuma shi ne wanda ɗalibai suka fi mayarwa maimaita labari daga farko zuwa ƙarshe.

Ta yaya hoto yake kai mai nazari ga jigo?

Yana kai shi ta hanyar maimaituwa da sauyi. Hoton da ya fito sau ɗaya ya wuce yana iya zama ado kawai, amma wanda ya dawo, musamman idan ya dawo da wata kama dabam ko a bakin wani tauraro dabam, ya cancanci a tsaya a kansa.

Misali mai kyau yana cikin *Things Fall Apart* na Chinua Achebe, wanda aka buga a 1958. A babi na bakwai fara ta sauka a Umuofia, garin da aka gina labarin a kansa. Da farko ƙaramin ayari ne ya iso, daga baya babban ayarin ya rufe sararin sama, ya sauka a kan itatuwa har rassa suka karye saboda nauyi. Mutanen garin murna suka yi, domin a wurinsu abinci ne ya zo, suka fita da dare suka kwaso. Wanda ya tsaya a nan zai ce Achebe yana nuna yadda rayuwar ƙauyen take ne kawai. Sai dai a cikin wannan babin, Okonkwo, babban tauraron labarin, yana zaune yana cin farar tare da ɗansa Nwoye da Ikemefuna, yaron da yake riƙo, aka zo aka sanar da shi cewa an yanke shawarar kashe Ikemefuna. Sannan can gaba, a babi na goma sha biyar, Obierika, abokin Okonkwo, ya kawo labarin abin da ya sami garin Abame, ya ce abin bautar mutanen garin ya kira Turawa fara, ya kuma ce Baturen farko da ya zo ɗan leƙen asiri ne da aka aiko ya duba ƙasa. A nan ne mai karatu zai koma baya ya sake duba ƙaramin ayarin nan da ya riga babba isowa, da rassan da suka karye, da murnar da aka yi. Hoton bai sauya ba, amma abin da muka sani ya ƙaru, sai ya zama yana magana a kan al'ummar da ba ta gane girman abin da ya sauko mata ba sai bayan ya gama zama.

A cikin littafin dai, ana yi wa Okonkwo kirari da wuta mai ruruwa. Bayan ɗansa Nwoye ya bi masu wa'azin Kirista, Okonkwo ya zauna yana kallon itace yana ci a murhu, sai tunani ya zo masa cewa wuta toka take haifarwa. Shi a ransa ɗan yake zargi da lalaci. Mai karatu kuwa yana da damar ganin abin da Okonkwo bai gani ba, wato wutar ce da kanta ta ƙone abin da ke kusa da ita har ya zama toka. Wannan tazara da ke tsakanin fahimtar tauraro da fahimtar mai karatu tana daga wuraren da jigo ya fi ɓoyewa, kuma ɗalibin da ya iya nuna ta ya wuce matakin ba da labari.

Yaya zan gane cewa wani abu alama ce, ba bayani ne kawai ba?

Akwai abubuwan lura da suke taimakawa, ko da yake babu wanda yake yanke hukunci shi kaɗai. A duba ko abin ya dawo fiye da yadda tafiyar labarin take bukata. A duba ko yana fitowa a muhimman wurare, kamar buɗewar littafi, ko rufewarsa, ko lokacin da tauraro yake yanke shawarar da ba ta da komawa. A duba ko marubuci ya rage saurin labari ya ɓata layuka da yawa a kan abin da a zahiri bai kai ya kawo ba. A duba kuma ko wani tauraro yana ba abin muhimmancin da sauran ba sa ba shi.

Koriyar fitilar da ke cikin *The Great Gatsby* na F. Scott Fitzgerald, wanda ya fito a Amurka a 1925, ta cika waɗannan sharuɗɗa. An fara ganin ta a ƙarshen babi na farko, Gatsby yana miƙa hannu wajenta daga tsallaken ruwa. Ta dawo a babi na biyar, lokacin da Daisy, matar da yake so, wadda fitilar take bakin ruwa a gefen gidanta, take tsaye kusa da shi, inda mai ba da labarin ya lura cewa girman da fitilar take da shi a ran Gatsby ya gushe, ta koma fitila kamar kowace. Ta sake dawowa a shafin ƙarshe, inda aka faɗaɗa ta ta shafi burin mutane baki ɗaya. Sau uku ke nan a wurare uku masu nauyi, kuma kowane karo ma'anarta ta motsa.

Idan kuwa an ambaci kujera sau ɗaya don tauraro ya sami wurin zama, a bar ta a matsayin kujera.

Shin launuka da dabbobi da yanayi suna da tsayayyar ma'ana da zan iya haddacewa?

Ba su da ita. Jerin da ake yawo da shi, wanda yake cewa fari tsarki ne, ja haɗari ne, ruwan sama sabuwar rayuwa ce, yana iya zama mafarin tunani, amma ya ɓatar da ɗalibai da yawa. Fari launin biki ne a wasu al'ummu, launin makoki ne a wasu. Ruwan sama rahama ne a labarin da aka gina a kan fari da yunwa, azaba ne a labarin ambaliya. Littafin da ke hannunka shi ne zai gaya maka abin da launi yake nufi a cikinsa, kuma wani lokaci marubuci yakan ɗauko ma'anar da aka saba da ita ne don ya kifar da ita da gangan.

Wace hanya ce ta fi dacewa a bi wajen tattara hotuna?

Karatu biyu ake bukata aƙalla. Na farko don a san abin da ya faru da wanda ya faru da shi, ba tare da tsayawa farautar alamu ba. Na biyu da alƙalami a hannu, ana rubuta kowane hoto da ya ja hankali, da lambar shafinsa, da wanda ya furta shi ko ya gan shi, da abin da yake faruwa a daidai lokacin. Wannan na ƙarshe shi ne ɗalibai suka fi mantawa, alhali hoto ba tare da muhallinsa ba kamar shaida ce da ba a san ranar da aka yi abin ba.

Bayan an gama sai a tara hotunan gida-gida. Waɗanda suka shafi wuta da zafi a gefe guda, na ruwa a gefe guda, na ciwo da ruɓewa, na ɗauri da kulle, na dabbobi, da sauransu. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1935 Caroline Spurgeon ta fitar da littafin da ta ƙirga hotunan wasannin Shakespeare ta rarraba su, ta nuna cewa hotunan ciwo da ruɓewa sun mamaye *Hamlet*, na haske sun mamaye *Romeo and Juliet*, sannan a *Macbeth* ana yawan kwatanta sarautar da aka ƙwata da tufar da ta fi ƙarfin mai sanye da ita. An soki aikinta ta wasu fuskoki, musamman inda ta yi ƙoƙarin gano halin marubucin daga hotunansa, amma hanyar tattarawar ta ci gaba da amfani, kuma tana aiki a zube kamar yadda take aiki a wasan kwaikwayo.

Ƙirga kaɗai ba nazari ba ne. Idan ɗalibi ya gano cewa an ambaci ƙofa sau da yawa, tambayar da ta rage ita ce wa yake rufewa, wa ake rufe wa, kuma a wane babi ne aka fara barin ta a buɗe.

Yaya sakin layi mai kyau na nazarin hoto yake kasancewa?

Bari mu ƙaddara wani labari don gwaji. Wani mutum ya dawo gidan mahaifinsa bayan shekaru, ya tarar da 'yar siririyar tsaga a bangon ɗakin tsohon, wadda ƙanwarsa ta rataya kalanda a kai don ta rufe ta. A tsakiyar labarin, ranar da 'yan'uwan suka fara jayayya a kan gado, iska ta kaɗa kalandar, aka ga tsagar ta kai faɗin yatsa, sai babban wansu ya miƙe ya gyara kalandar ba tare da ya daina magana ba. A babin ƙarshe an sayar da gidan, mai saye ya zo da magini, maginin ya sa hannu cikin tsagar ya ce ai wannan daga tushe take, ba ta bana ba ce.

Ɗalibi mai rauni zai rubuta cewa marubucin ya yi amfani da alamtarwa, inda tsaga take nufin rabuwar kan iyali, sai ya wuce. Maganarsa gaskiya ce, amma kowa zai iya faɗin ta ba tare da ya karanta littafin ba. Ɗalibi mai lura zai tsaya a kan kalandar, ya nuna cewa mutanen gidan sun san da tsagar, abin da suka zaɓa shi ne rufewa, kuma da takardar ƙirga kwanaki suka rufe, alhali kwanakin ne suke ƙara faɗinta. Zai lura cewa hannun da ya gyara kalandar shi ne na mai ɗaga murya a kan gado. Zai kuma lura cewa baƙo ne, wanda ba ruwansa da sirrin gidan, ya faɗi cewa matsalar daga tushe take, wanda hakan yake tilasta mana mu sake tunani a kan mahaifin da kowa yake yabo. Daga nan jigon da zai fitar ya fi na farko kaifi: rigimar gado ba ita ta raba gidan ba, ta dai yaye abin da aka daɗe ana rufewa ne.

Tsarin da ya bi a nan mai sauƙi ne. Ya yi da'awa, ya kawo wurin da abin ya faru, ya tsaya a kan kalma ko motsi guda ya warware shi, sannan ya ɗaura shi da sauran littafin.

Idan marubucin bai yi nufin abin da na gano ba fa?

Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana, ba ɗalibai kaɗai ba. A 1946 W. K. Wimsatt da Monroe Beardsley sun rubuta maƙalar da suka ce niyyar marubuci ba abin da za a iya samu ba ce a tabbace, kuma ba ita ce ma'aunin da ya kamata a auna aiki da shi ba. Roland Barthes na Faransa ya ƙara gaba a 1967, ya mayar da nauyin ma'ana kan mai karatu. Akwai kuma masu ganin cewa ba a fahimtar littafi sai an san zamanin marubuci da halin da ya rubuta a ciki, kuma su ma suna da hujja.

A wajen aikin ɗalibi, ma'aunin da ya fi amfani shi ne ko littafin zai iya ɗaukar fassarar. Idan kana da wurare uku ko huɗu da suke goyon bayanka, kuma babu wani babban sashe da yake ƙaryata ka, fassararka tana da gindi ko da marubucin bai taɓa faɗin ta ba. Idan kuwa sai ka rufe ido ga rabin littafin kafin maganarka ta tsaya, to ra'ayinka ne ka ɗora wa littafin. Ya fi kyau a rubuta cewa labarin yana nuna kaza, maimakon a ce marubucin yana so ya ce kaza, domin na farko kana iya kare shi da shafi.

Labari yana iya samun jigo fiye da ɗaya?

Yana iya samu, kuma dogon labari kusan kullum haka yake. Akwai babban jigo da ƙananan jigogi, kuma aikin mai nazari shi ne ya nuna yadda ƙananan suke tallafar babban ko suke ja da shi. A *Shaihu Umar* na Abubakar Tafawa Ɓalewa, alal misali, bauta da rabuwar iyali suna tafiya tare da neman ilimi da haƙuri da ƙaddara, kuma masu nazari sun sha bamban a kan wanda ya kamata a sa a gaba. Irin wannan saɓani ba aibi ba ne, muddin kowa ya kawo hujjarsa daga cikin littafin.

Sunan littafi da shafinsa na farko suna da muhimmanci kuwa?

Suna da shi ƙwarai. Sau da yawa sunan littafi shi ne hoton farko da marubuci yake miƙa wa mai karatu. *Kitsen Rogo* na Abdulƙadir Ɗangambo ya ɗauko sunansa daga maganar nan ta kallon kitse da ake yi wa rogo, saboda haka tun kafin a buɗe shi an san za a gamu da wanda ya hango abu ya zaci alheri ne. Achebe kuwa daga wata waƙar W. B. Yeats, marubucin waƙoƙi ɗan ƙasar Ireland, ya ɗauko sunan littafinsa.

Shafin farko ma haka. Charles Dickens ya buɗe *Bleak House*, wanda ya fito kashi-kashi tsakanin 1852 da 1853, da hazon da ya lulluɓe birnin Landan, ya bi shi kogi da tituna da idanun mutane, har ya kai mu inda hazon ya fi kauri, wato kotun da ake shari'ar wani gado da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A ƙarshen littafin kuɗin shari'a ne suka lamushe gadon gaba ɗaya. Wanda ya karanta wannan buɗewa da kyau ya riga ya riƙe bakin zaren jigon tun kafin a gabatar masa da babbar tauraruwar labarin.

Idan fassarar littafi nake karantawa, zan iya nazarin hotunansa?

Za ka iya, amma da taka-tsantsan. Hotunan da suke cikin abubuwan da suka faru, kamar hazo ko fitila ko fara, sukan tsallake fassara lafiya. Waɗanda suka dogara da amon kalma, ko kalma mai ma'ana biyu, ko karin magana, su ne sukan lalace a hanya. Kada ka gina hujja mai nauyi a kan kalma guda sai ka tabbatar tana nan a harshen asali, kuma ka ambaci cewa fassara kake amfani da ita.

Waɗanne kurakurai ne suka fi jawo asarar maki a jarrabawa?

Na farko shi ne maimaita labari a maimakon nazari. Mai duba takarda ya san labarin, abin da yake nema shi ne abin da ka gani a ciki. Na biyu shi ne jera sunayen adon harshe kamar ana kiran rajista, a ce ga kamantawa a shafi kaza, ga mutuntarwa a shafi kaza, ba tare da an faɗi aikin da kowanne ya yi ba. Gano sunan dabara shi ne mafi ƙanƙantar sashen aikin.

Akwai kuma mayar da kowane jigo wa'azi. Ɗalibai da yawa sukan rufe amsarsu da cewa littafin yana koya mana mu guji kaza, ko da littafin bai yanke wannan hukunci ba. Wasu labaran faɗakarwa ce manufarsu a fili, kuma daidai ne a faɗi haka idan haka ne. Wasu kuwa tambaya suke ajiyewa su tafi, kuma ɗalibin da ya ƙaƙaba musu darasi ya rufe ƙofar da marubucin ya bari a buɗe da gangan.

Kuskuren da ya fi wuyar ganewa shi ne ɗaukar maganar tauraro a matsayin maganar littafi. Tauraro yana iya yin ƙarya, yana iya ruɗin kansa, kuma mai ba da labari ma yana iya zama wanda ba a dogara da shi. Idan tauraro ya kwatanta matarsa da ƙaya a ƙafa, wannan hoton ya fi ba mu labarin shi mai maganar a kan matar, saboda haka kafin a ɗauke shi a kafa hujjar jigo da shi, sai a duba yadda sauran littafin ya nuna matar, da abin da ita take cewa idan an ba ta baki.